Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kwamfutar da Na Hana Barci

A makon jiya mun tsaya ne a daidai inda Yaya ya miƙo min tsohuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda gilashinta ya tsage tun daga kusurwa har tsakiya.

"Ga ta nan, ƙanena," in ji shi. "Ni dai na haƙura da ita. In za ta yi maka rana, Allah ya sa albarka."

Na karɓa da hannu biyu, na ce, "Na gode, Yaya, Allah ya ƙara buɗi." Shi gani yake yi ya ba ni tarkace. Ni kuwa sabata ta farko na riƙe, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima.

A lokacin ina aji biyu a jami'a. A darasi, Packet Tracer muke buɗewa, manhajar nan ta kamfanin Cisco, mu jawo hoton rauta, na'urar da ke haɗa wata hanyar sadarwa da wata, mu jawo na suwic, na'urar da ke haɗa kwamfutocin wuri ɗaya, mu ja layi tsakaninsu, alama ta koma kore, a ce mun haɗa. Abin yana koyarwa, ban raina shi ba. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, domin ban taɓa riƙe kebul ɗin da ya ƙi aiki a hannuna ba, balle in nemo dalili.

RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take aiki da ita a lokacin da take kunne, giga 4 ne kacal, don haka na goge duk abin da ke ciki na ɗora mata Ubuntu Server, babbar manhajar da ke tafiyar da saba, daga filashi. Babu hotuna, babu linzami, sai baƙin allo da farin rubutu, rabinsa ma tsagar gilashi ta cinye. Sai na karkata kai nake karantawa. Buri ɗaya gare ni: in kunna SSH, in riƙa shiga cikinta daga wata kwamfutar, in rabu da allon gaba ɗaya.

Abu ɗaya na saya a duk wannan aikin, wani ƙaramin suwic na hannu mai ƙofa biyar, bayan na yi makonni ina tsuke bakin aljihu. Kebul kuwa guntaye na roƙo a ɗakin gwaji, tare da aron filayar matse kan kebul. Malamin da ke kula da wurin ya dube ni ya ce, "Ka san jerin launukan?" Na ce, "Na haddace, Malam." Ya ce, "Haddacewa daban, hannu daban. Je ka gwada."

Gaskiyarsa. Idan ka feɗe bayan kebul ɗin, wayoyi takwas za ka tarar, an murɗe su bibbiyu. Sai ka warware su, ka miƙar, ka jera: fari-da-lemo, lemo, fari-da-kore, shuɗi, fari-da-shuɗi, kore, fari-da-ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Ka datse bakinsu daidai wa daida, ka tura cikin kan roba ba tare da ɗaya ta haye ɗaya ba. Kai biyu na lalata kafin na uku ya kama. Da 'yar fitilar suwic ta fara ƙyaftawa, sai da na ji tsigar jikina ta tashi.

Sai dai da na duba da ethtool, manhajar da ke nuna gudun layi, gudun megabit 100 ya nuna, alhali suwic ɗin da kwamfutar duk suna iya 1000. Na ɗaga kan kebul ɗin sama ina hange cikin haske, sai ga ƙasa-ƙasar nan ba ta kai ƙarshe ba, saura ɗan ƙiris. A nan na gane abin da aka taɓa faɗa mana na wuce shi: gudun 100 wayoyi huɗu kawai yake buƙata, na 1, 2, 3 da 6, amma gudun 1000 sai duka takwas sun taɓa. Na yanke na sake, ya hau.

Na kafa mata adireshi tsayayye, 192.168.1.10, saboda wanda rauta ke rabawa yana iya sauyawa. Na shiga ta SSH lafiya lau. Na rufe murfinta na tura ta kan kanta, nan take layi ya mutu.

Dare uku ina zargin kebul, ina zargin suwic. Ashe ita dai an gina ta ne ta yi barci da zarar an rufe ta. Maganin layi ɗaya ne a fayil ɗin logind.conf, inda na mayar da HandleLidSwitch zuwa ignore. Na sake tayar da ita, na rufe murfin a hankali, idona a kan ɗaya allon. Tana amsawa. Na ɗora ta a kan murafun kwalba huɗu don iska ta ratsa ƙarƙashinta, na kwanta ina sauraron ƙarar fankarta. Batirinta ma, duk da tsufansa, yakan riƙe ta na ɗan lokaci in wuta ta ɗauke, ba ta mutuwar farat ɗaya.

Bayan kwana biyu na samo wani tsohon rauta na jona shi a suwic ɗin, ban kashe masa rabon adireshi ba. Da asuba abokin ɗakina ya taɓa ƙafata, waya a hannunsa.

"Abokina, tashi. Me ka taɓa jiya? Intanet ya ɗauke wa kowa."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.