Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Muka Tare Get

Makon jiya na tsaya a inda kamfanin ya kori masu ɗaukar kankare ba ko sisin sallama, wai su na wucin gadi ne. Mutum ya yi shekaru da kwano a ka har gashin tsakar kansa ya ƙare, a ce masa na wucin gadi! Lokacin Adams Oshiomhole ne shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ana ta bin kamfanoni kan wannan magana, mu ma ƙungiyarmu ta ma'aikatan gine-gine da katako ta ce a tare get.

Da asuba muka taso daga Nyanya. Sakataren reshe ya ja mana kunne: doka ta yarda mu tsaya a bakin wurin aiki mu lallashi mutum ya koma gida, amma kada wanda ya taɓa ko rigar wani. Tifa ta zo da yashi, direban ya leƙo ya ce, "Lafiya?" Muka gaya masa. Ya juya motarsa bai ce uffan ba. Motar kankare ce ba ta jira, in ta daɗe kayan ya daskare a cikinta, shi ya fito da manaja da kansa, gumi sharkaf.

Kawu, Allah ya jiƙansa, ya sha gaya mini sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, tsagar tamu daga gida ta fito. Ɗan Goggo, taubashina, wanda ni na kawo shi Abuja, na koya masa lanƙwasa rodi, ya kwana a tabarmata, shi ya zagaya ta inda ake shigo da bulo, yara na biye da shi. Na ce, "Kai, ina za ka?" Ya ce, "Yaya, ni iyali gare ni." Mu kuma gwauraye ne ke nan?

Da Obasanjo ya sa aka gyara dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 2005, aka hana toshe hanya da tilasta wa wanda ba ɗan ƙungiya ba shiga yajin aiki, ɗan Goggo na tuna. Na ce to Kawu, ga ƙadangare ya samu doka. Bikin 'yarsa bara ma na je, na ci tuwo, na sa albarka. Goggo tun tana da rai take cewa in bar maganar, ai zumunci ne. Zumuncin ne ya sa ban rubuta sunansa ba.

Mako mai zuwa zan kawo zaman da aka kira mu a Ma'aikatar Ƙwadago, da abin da helma ya faɗa a gaban kowa.