Tabarau na takarda

Sha ɗaya na dare ta wuce a Hanoi, babban birnin Vietnam. Maigida ya yi barci tun ɗazu, ni kuwa idona biyu, ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Shi ya nace mu ɗauki 'yar jagora mu biyu kawai, wai in muka bi ayarin masu yawon buɗe ido ɓace masa zan yi. Na yi ta mita a kan kuɗin, amma gaskiyarsa. Yarinya ce siririya, ba za ta wuce sa'ar Auta ba. Abin da ta fara koya mana tsallaka titi ne: kar ka tsaya, kar ka ruga, ka yi ta tafiya a hankali, masu babura su za su kauce maka. Na riƙe gefen rigar Maigida ina salati har muka haye.

Tsohuwar unguwar ana ce mata tituna 36, ko da yake sun fi haka. Kusan kowane titi sunan hajar da aka san shi da ita tun da yake amsawa. Hang Bac na azurfa. Hang Thiec na masu ƙera kwano, har yau guduma ba ta huta ba. Na ce wa Maigida ai Kurmi ce, layi-layi. Gidajen tsukakku ne a fuska amma sun zurma ciki da nisa, wai a da da faɗin gaban gida ake yanka haraji. Ƙofar O Quan Chuong ta 1749, ita kaɗai ta rage a ƙofofin gari. Kofi da gwaiduwar ƙwai da aka kaɗa ta yi kumfa, dabarar 1946 lokacin da madara ta yi wuya. Maigida ya shanye nasa ya haɗa da nawa. Azahar a masallacin Al-Noor na titin Hang Luoc, wanda fataken Indiya suka gina wajen 1890.

Daga masallaci muka karya kwana zuwa Hang Ma, kuma shi ne ya hana ni barci.

Titi ja wur da fitilun takarda. A wasu shagunan kuma, duk abin da ka sani a duniya akwai shi na takarda: damman kuɗi, takalma, riguna, babur, gidan bene, waya a cikin kwalinta. Na ɗauka kayan wasan yara ne. 'Yar jagorar ta ce a'a, ƙonawa suke yi, hayaƙin ya kai wa waɗanda suka riga su.

Ni da bakina na ɗaga wayar na ce, "To cajar fa, ita ma a haɗa musu?" Na tuntsire da dariya. Maigida ya ɗan taka min ƙafa, amma magana zarar bunu ce.

Ba ta ɓata rai ba, abin da ya fi damuna ke nan. Murmushi ta yi ta ce akwai cajar ma. Sai ta miƙa hannu cikin wani kwando ta ɗauko tabarau na kwali, an manna masa leda a gurbin gilashi. Ta ce, "Ni wannan nake saya duk shekara in ranar rasuwar babana ta zagayo. Kullum nasa ɓata yake, mu birkita gida muna nema, ashe yana saman kansa." Ta mayar da shi kwandon a hankali, ta ce mu wuce kasuwar Dong Xuan kafin ruwa ya sauko.

Ban ga komai a Dong Xuan ba. Tabaran Baba nake gani, wanda hannunsa ɗaya ya karye ya ɗaure da baƙin zare, aka yi aka yi ya canza ya ƙi. Yana nan a kan durowar Inna kusa da rediyonsa.

Na san abin da ke isa ga mamaci a wurinmu, addu'a ce da sadaka, ba a nan damuwata take ba. Shekarun farko duk Juma'a sai na tura wa Yaya kuɗin waina a raba wa almajirai. Na zauna a bakin gado ina ƙirga yaushe na daina, na kasa ganowa. Ba rana ɗaya ba ce. Haka nan ya zame, makon biki, makon jinyar yara, shi ke nan. Ita kuwa yarinyar ba ta taɓa tsallake shekara ba, ni ce kuma na tsaya ina yi mata dariya a titinsu.

Da za mu rabu a bakin tafkin Hoan Kiem na so in ba ta haƙuri, Turancin ya maƙale. Sai na ƙara mata kuɗi a kan na Maigida. Ta karɓa hannu biyu, ta ɗan rusuna. Kunyar ta ninku.

Na tura wa Yaya saƙo a kan wainar jibi. Can biyar ta yamma ce, ya karanta, bai amsa ba tukuna.