Ƙofar da har yau nake sunkuya mata

Matata ce ta fara lura. Ta ce, "Wai me ya sa kake sunkuyar da kai duk sanda za ka shiga ɗaki? Ƙofar nan ai ko raƙumi ya wuce." Na yi dariya, na musa. Da na sa wa kaina ido kwana biyu, sai na ga gaskiyarta. Ɗakin da na tashi a cikinsa ƙofarsa gajeriya ce, tun ina ɗan shekara 14 goshina ya fara gaisawa da katakon samanta. Yau na fi shekara 20 da barin gidan, an ma rushe shi, amma har yanzu labari bai kai wa wuyana ba.

In ana hirar inda mutum ya fito, yawanci kewa ake nufi. Ni ba kewa ce ta dame ni ba. Abin da ke ɗaure min kai shi ne abin da wuri yake bari a jikinka ba da saninka ba, ka ɗauke shi halinka ne na haihuwa.

Ashe ma abin yana da mazauni a cikin kai. A 1971, wani masani a Landan mai suna John O'Keefe ya gano wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar ɓera waɗanda ba sa tashi aiki sai ɓeran ya iso wani lungu takamaimai. Kowane lungu da nasa ƙwayoyin. Wannan aiki ne ya kai shi ga kyautar Nobel a 2014, tare da May-Britt Moser da Edvard Moser na ƙasar Norway. Abin da ya fi burge ni shi ne, sashen da ƙwayoyin suke, shi ne dai wanda mutum ke dogara da shi wajen tuna abubuwan da suka faru da shi. Wato "ina nake" da "me ya same ni" ɗaki ɗaya suke kwana. A 2000 kuma wata masaniya mai suna Eleanor Maguire ta auna ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, masu haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, ta tarar ɓangaren baya na wannan sashe nasu ya fi na sauran mutane girma, kuma gwargwadon daɗewar direba a kan aiki, gwargwadon girmansa.

To amma ga inda lissafin ya rikice min. Ni da yayana ɗaki ɗaya muka kwana shekara da shekaru, ba mu fito iri ɗaya ba ko kusa. Gadonsa na gindin taga, yana kallon titi. Nawa na lungu, bayan ƙofa. Shi ya tashi yana ganin masu wucewa, yana tanka musu. Ni ba na ganin kowa, sai dai in ji, har na kai ga gane mai zuwa daga takunsa kaɗai. Yau in muka shiga taro, kafin in zauna shi ya gama gaisawa da rabin jama'a. Ni kuwa kujerar ƙarshe nake nema, bayana jikin bango, ina saurare.

Ba zan rantse cewa gado ne ya yi mu ba. Shi ne babba, shi ya fara zaɓa, wataƙila tun asali mai son taga ne. Ni dai ban zaɓi lungun ba, ragowa na samu, kuma ban san wane ne zan zama ba da an juya gadajen.

Kwanan baya na kira shi a waya. Na ce, "Yaya, kana tuna ƙofar ɗakinmu, yadda take buge kai?"

Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Wace ƙofa? Ni dai na san tagar ba ta rufuwa sai an ɗaga ta."

Sai a sannan na tuna ya fi ni gajarta. Bai taɓa bugewa ba ko sau ɗaya.