In silaid ɗin motar gida ya ƙi shiga, ga yadda muke yi

Ni sana'ata gyaran motocin yawon shaƙatawa ne, waɗanda ake kira RV, masu ɗaki da gado da kicin a ciki. Ni da yarana biyu ne kawai a garejin. Kuma wallahi ba kiran da ke tayar min da hankali kamar na wanda ya gama haɗa kaya zai kama hanya, ya danna makunni, silaid ya ƙi motsi, wato ɗakin nan da ke zamowa waje ta gefen mota don ƙara fili. Ba dama ka tuƙa mota ɗaki na leƙe waje.

Abu na farko da nake tambaya, batir fa? Injin da ke motsa silaid ɗin da wutar bolt 12 yake aiki, in batir ya yi sanyi sai ka ji yana ƙas ƙas ko ya yi tsit, mutum ya rantse inji ya ƙone. A duba fiyus, a duba ko an ja hambirki don wasu motocin ba sa barin silaid ya motsa sai an ja, a leƙa ko wani takalmi ko ƙofar kabad ta tokare. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

In kuwa injin ne da gaske, sai ka san irin silaid ɗinka. Mai haƙoran giya a ƙarƙashi shi ya fi sauƙi, ka kwanta ƙasan mota za ka ga kan noti a jikin injin ko sandar da ke juya giyar, yawanci sifana mai inci 3/4 ke kama shi. Wasu akwai ɗan birki a bayan injin sai ka saki tukuna, in ba haka ba ka yi ta fama har hannu ya yi kanta. Kana juyawa ɗakin na shiga kaɗan kaɗan, aikin haƙuri ne, da ya zauna daram kuma ka tsaya, kar ka ƙara matsawa ka ci haƙoran.

Mai igiyar ƙarfe, injinsa na sama ta ciki a bayan katakon ado, da diril ake juya shi da wata sanda mai lanƙwasuwa. Na haidirolik kuma bawul ake buɗewa a juya famfon, a tuna a rufe bayan an gama.

Wanda ya fi ba mutane wahala Schwintek ne na kamfanin Lippert, mai inji biyu a cikin bango, ɗaya dama ɗaya hagu. Kafin ka kwance komai nemo akwatin kwantirola, ka danna maɓallinsa sau 6 ka riƙe a na 7 har fitilu su fara ƙyafta, sannan ka gwada makunnin. In bai yi ba sai a cire sukurun da ke riƙe kowane inji a ɗaga shi sama kamar rabin inci ya saki giya, sannan a tura ɗakin da hannu. To a nan ake ɓarna. Wani bawan Allah ya kawo min tasa, shi kaɗai ya sa kafaɗa a kusurwa ɗaya ya yi ta dannawa, ɗakin ya karkace ya ciji layin alminiyon da yake bi, robar da ke hana ruwa shiga ta yage tun daga sama har ƙasa, na sa yatsa ina jin haƙoran alminiyon sun lotse. Abin ya ba ni tausayi, don da ya samu mutum biyu, kowa gefensa, a tura tare, da inji ɗaya kawai zai saya.

Kuma don Allah in ɗakin ya shiga kar ka ce shi ke nan. Tunda an saki inji ba abin da ke riƙe shi, ka sha kwana ɗaya mai ƙarfi zai zamo waje kana tsakiyar titi. Ka mayar da injin mazauninsa ko birkin, ko ka yanko katako daidai tsawo ka tokare tsakanin bangon mota da bakin ɗakin ta ciki, gefe biyu.

Shi ya sa duk motar da ta bar garejina sai na durƙusar da mai ita na nuna masa notin da idonsa, na sa ya juya sau biyu uku da kansa, sifanar kuma mu ɗaure ta kusa da wurin.