Inda na kai da tatsuniyar Gizo a bakin na'ura

'Yan uwa abokan koyo, ga inda aka kwana. Tatsuniyar Gizo mai minti uku da nake haɗawa ta kai a saurare ta ba tare da an yamutsa fuska ba. Ba ta sayarwa ba ce, ta nishaɗina ce da yaran gida bayan sallar isha'i.

Ga wanda bai soma ba: a 2023 kamfanin Meta ya fitar da muryoyin karatu na harsuna sama da 1,100 a shirinsa na koya wa na'ura magana mai suna MMS, Hausa na ciki, kuma ana samun ta kyauta a Hugging Face, wani shafin intanet da ake ajiye irin waɗannan manhajoji. Akwai wasu manhajojin masu irin wannan aiki. Ka zuba rubutu, na'ura ta karanta maka. Wannan ɓangaren ba ya cin lokaci, aikin yana wurin rubutun da za ka ba ta.

Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kukan hawaye da kukar miya haruffa ɗaya ne a takarda. Bahaushe yana rarrabewa daga ma'anar zance, na'ura kuwa canka take yi, kowace iri ce. Idan ta canka ba daidai ba, ba na jayayya da ita, sai in sauya kalmar ko in juya jimlar. Haruffa masu ƙugiya dole ne: ka rubuta "kafa" alhali ƙafa kake nufi, abin da ka rubuta za ta faɗa. Gboard, manhajar rubutu ta Google a waya, yana da allon Hausa, ku ɗora shi. Lambobi kuma ku rubuta su da kalmomi, jimloli su zama gajeru, kowace da fayil ɗinta, don in ɗaya ta lalace ita kaɗai za a sake.

Inda na fi jin daɗi shi ne muryar Gizo. Kowa ya san shi da tsamin baki, ba ya iya cewa sarki sai "saiki". Na rubuta maganarsa haka nan yadda yake furta ta, sannan a Audacity, manhajar gyaran sauti wadda ita ma kyauta ce, na ɗaga kaifin muryar kaɗan na ƙara mata sauri. Kaɗan fa, in ka zarce sai ya koma ɓera. Ƙoƙi na bar ta da nutsuwarta, don ita ce mai hankalin gidan.

Sai shiru. Na'ura tana karatu ne kamar mai labaran duniya, ba ta san a ja numfashi kafin Gizo ya shirga ƙarya ba. Rabin daƙiƙa na shiru a daidai wurin nan ya fi duk wani gyara tasiri, kuma da hannu ake saka shi. "Ga ta nan, ga ta nanku" na bar wa na'ura, amma "ta zo mu ji ta" yaran ne suka amsa na naɗa da waya. Waƙar tsakiyar tatsuniya ma ni na rera, da muryar tawa yadda Allah ya yi ta. Kukan gyare na naɗo a tsakar gida da dare na shimfiɗa a ƙasa, Auto Duck, wani kayan aiki a cikin Audacity, yana rage shi duk lokacin da aka fara magana.

Wajen fitarwa, fayil ɗin MP3 a 64 kbps (ma'aunin ingancin sauti) ya wadatar ga magana: minti ɗaya bai kai rabin megabait ba, ya wuce ta WhatsApp ba tare da cin data ba.

An ba ni shawarar in kwaikwayi muryar wata dattijuwa da na'ura don ta fi kama da ta kaka. Na ƙi, tunda ba a nemi izininta ba. Mai son muryar Hausa ta na'ura ta inganta, ya je Common Voice na Mozilla, shafin da ake tara muryoyin mutane don koya wa na'ura, ya karanta jimloli da bakinsa, akwai sashen Hausa.

Yanzu Dodo ne a gabana. In na sauke muryar ƙasa sosai kalmomin sai su cakuɗe, ba a jin me yake cewa. Zan gwada ɗora murya biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Wanda ya riga ni gwadawa ya faɗa mini yadda ta kaya.