Wutar Sahel da zangonninmu na Kumasi

A makon jiya na zauna a wata rumfar shayi a Aboabo tare da wani direba wanda ya daɗe yana ɗauko albasar Galmi daga Nijar. Ya ajiye kofinsa ya ce mini, "Malam, garuruwan da muke kwana a da cikin Burkina Faso, yanzu ko tsayawa alwala ba ma yi."

Wutar nan, wato hare-haren masu iƙirarin jihadi a yankin Sahel, ta samo asali ne tun 2011, lokacin da gwamnatin Gaddafi ta faɗi kuma makamanta suka bazu cikin hamada, sai arewacin Mali ya kama a 2012, kafin a kai hari birnin Wagadugu a Janairun 2016 da Grand-Bassam na Kodebuwa a watan Maris na shekarar. Ghana ba ta ɗanɗana irin wannan ba tukuna, amma Togo ta rasa sojoji takwas a arewacinta a Mayun 2022.

A ganina, masu ɗaukar makamin nan ba wa'azi kaɗai suke dogara da shi ba. Suna neman inda aka daɗe ana rikicin ƙasa ko na sarauta, da saurayin da ya rasa abin yi, shi ya sa rikicin sarautar Bawku, garin da ke arewacin Ghana kusa da iyakar Burkina Faso, yake hana ni barci. An kafa shirin haɗin gwiwar tsaro na Accra a 2017, kuma hukumar Ghana ta ba da lambar waya 999 don kai rahoton duk abin da ba a yarda da shi ba, sai dai mutanen zango ba za su kira ba muddin suna tsoron a fara da zarginsu.