Tafkin da ban taɓa gani ba

Talata, cikin watan Nuwamba, Dablin.

Ƙarfe huɗu da rabi gari ya riga ya yi duhu. Tun asuba ake ruwa, ba irin namu da zai zo da tsawa ya yi ya gama ba, wani yayyafi ne mai naci kamar mai bin bashi.

A gidan tsofaffin da nake aiki, wata tsohuwa 'yar Kerry, wani yanki a kudu maso yammacin Ayilan, ta ƙi cin abincin rana. Na yi lallashin duniya, ta kawar da kai. Don dai in sami abin da zan ce, sai na tambaye ta hoton da ke kan durowarta: kwalekwale ɗaure a bakin ruwa, duwatsu a bayansa.

"'Yata, kin taɓa zuwa Killarney?"

Na ce a'a, Mama. Ta ce shekara nawa na yi a ƙasar? Na ce biyu.

"To ba ki zo Ayilan ba tukuna. Dablin kika zo."

Haka mutanen Kerry suke, yankin nasu ma Masarauta suke ce masa. Sai suka tuna mini da Kanawa da "ko da me ka zo an fi ka".

Daga nan baki ya buɗe. Ta ce a Killarney, can yankinsu na Kerry, tafki uku ne a jere, babbansu Lough Leane, wato tafkin ilimi a harshensu na gado. Akwai tsibiri a cikinsa, Innisfallen, inda malaman Kirista suka keɓe kansu ɗaruruwan shekaru suna karatu da rubuta tarihin ƙasar. Daga gindin tsohuwar ganuwar Ross ake shiga jirgi a tsallaka. Ta ce a watan Oktoba, in dare ya yi tsit, sai ka ji kukan mazajen barewa daga kan dutse suna neman mata, har cikin ƙirjinka. Tana magana ina miƙa cokali. Ba ta ankara ba sai da faranti ya yi fes.

Ni kuwa ta bar ni da ciwo. A bas ɗin dawowa na jingina kai da gilashi, na tafi Kerry ba tikiti. Ɗan farin gida nake gani, mai ɗaki biyu, ƙofarsa na kallon ruwa. Murhu na ci da baƙar ƙasar nan da suke yankowa daga fadama su busar, mai ƙamshin hayaƙi. Ba ƙararrawar majinyaci, ba waya. In yi sallar asuba, in dafa shayi mai citta da kanumfari, in zauna a dokin ƙofa ina kallon hazo na tashi daga kan tafki, tumaki na kiwo ba makiyayi. Da hantsi in hau keken doki, irin wanda har yau suke yawo da baƙi a cikinsa, a kai ni gidan Muckross.

Gidan nan yana ba ni dariya. A 1843 aka gama gina shi, a 1861 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sauka a cikinsa. An ce hidimar tarbarta na cikin abin da ya jefa masu gidan a bashi, har daga baya gida ya fita hannunsu. Baƙuwa ta kwana ta wuce, ta bar masu masauki da hannu a ka. A 1932 waɗanda suka mallake shi suka ba gwamnati kyauta, shi ne ya zama gandun shaƙatawa na farko a ƙasar. Ke nan ni ma, mai ba tsofaffi abinci, ina da ikon taka lambun da aka share wa sarauniya.

Abin haushin, wurin ba nisa. Daga tashar Heuston ta Dablin awa uku da 'yan mintuna ne a jirgin ƙasa, wani lokaci a canza a Mallow. Amma kuɗin haya ya cinye rabin albashi, abin da ya rage kuma yana da masu jira a gida. Duk hutun da na samu, barci nake rama wa. Shekara biyu, abin da na sani na ƙasar nan bai wuce hanyar bas ba.

Watan Yuni nake so. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma, sai a yi magariba a bakin ruwa lokacin da mutanen gida sun yi nisa a barci. Akwai ƙananan ƙwari masu cizo da yamma, na sani, amma wanda ya tashi da sauro ba za a tsorata shi da wannan ba. Abinci kuwa kifi ya ishe ni, in tafi da yajina a jaka.

Da na iso na kira Umma na ba ta labari. Ta yi shiru, can ta ce, "Ke da ruwa ke dukanki kullum, shi ne kuma za ki biya kuɗi ki je kallon ruwa?" Muka yi ta dariya har ta ƙware.

Na dai cike takardar neman hutu, kwana huɗu a Yuni, tana cikin jaka. Tsohuwar ta ce in na je in ɗebo mata ɗan dutse guda daga bakin tafkin. Na ce in Allah ya kai mu. Kayan aikina ba su bushe ba har yanzu, bari in matsar da su kusa da hita.